Kwalaben Auta

Asabar, 6 ga Satumba

Yau sati shida da rasuwar Auta. Yaya ce ta kawo min wannan littafin, wai gara in riƙa rubutawa da in riƙa magana ni kaɗai a kicin. Rabona da dogon rubutu tun makaranta, ita ma ban yi nisa ba. Duk abin da ya zo shi zan sa.

Da safe na shiga ɗakin laima na yayyafa ruwa. Leda ashirin da ɗaya suka rage a rataye, na ƙarshen da ta cusa da hannunta. Sun gaji, har sun fara motsewa. Laimar kwaɗi ce irin wadda ake ci, fara tas. Shekara uku yarinyar nan tana nomanta a ledoji cike da garin katako, muna kai wa gidajen abinci. Ni nawa wanke kwalabe, dafa hatsi, cusa leda, tsinka. Aikin iri nata ne ita kaɗai.

Irin yana ƙasan firij, cikin ƙananan kwalabe goma. A gindin kowace akwai wani abu da take dafawa da ruwan dankali ya daskare, farin zare ya rufe shi kamar auduga. Shi take kira uwar iri. Daga nan take ɗiba ta sa a hatsi, daga hatsi zuwa leda, leda ta fid da laima. In goman nan suka mutu, babu inda zan samo irinsa.

Talata, 9 ga Satumba

Na tuna ranar da Auta ta samo laimar nan. A bakin mayafi ta ƙullo ta, daga wani ruɓaɓɓen kututture a bayan injin katako, ana tsakiyar zafi, lokacin da irin da ake sayarwa duk ya ƙi fitowa. Babanta ya leƙa ya ce, "Mutane na tsintar abin arziki a hanya, ke ruɓa kika tsinto mana." Ta sa mata suna Mai Taurin Kai. Ya ce ai ta ci sunan uwar ɗakinta.

Kullum da safe ina fito da kwalaben in jera a tebur, in goge su ɗaya bayan ɗaya. Rubutunta na jikin kowace, 11 ga Mayu. A salatif ɗin da ta naɗe bakin ta huɗu akwai shatin yatsanta. Ita nake riƙewa har ta yi ɗumi a hannuna, shayina ya huce.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na buɗe littafin aikinta. A shafin farko da jan biro: a sabunta uwar iri duk wata uku. Yau wata huɗu ke nan. Na karanta, na rufe. In na ɓare salatif ɗin nan, wa zai mayar da shi yadda ta naɗa?

Yaya ta zo da rana. Ta buɗe firij za ta sha ruwa, ta tsaya tana kallon kwalaben.

"Ƙanwata, ki ba masu sanin abin nan kayan nan. Ke ba likita ba ce."

Na ce ina lura da su.

"Lura? Goge-goge dai. Ni ma fa na binne biyu, ba ki ga ina goge takalmansu ba."

Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta daɗe.

Maigida bai taka ɗakin laima ba tun ranar rasuwar. Da sassafe ya tafi shagon askinsa, ya dawo ya zauna a ƙofa da rediyo a cinya, bai kunna ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kwana biyu babu wuta. Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tawul.

Litinin, 22 ga Satumba

Akwai kore a ta biyu. Ɗan ɗigo ne kamar ƙwayar ido. Na ɗauka a waje yake, na goge, na goge. A ciki yake.

Auta, me zan yi?

Laraba, 24 ga Satumba

Na ɗauki kwalaben a kwando na je makarantar aikin gona, wurin Malamar da ta koya wa Auta aikin. Ta zo gaisuwa, amma ban riƙe fuskarta ba, ita ce ta gane ni. Ta sa ni a kujera a ɗakin gwaji, ta riƙa ɗaga kwalaben a hasken taga ɗaya ɗaya. Shida sun yi fumfuna, wasu a ƙarƙashi inda idona bai kai ba. Huɗu sun yi rawaya, ruwa ya kwanta a kansu.

"Mama, ruwan nan da yawa. Kamar ana fitar da su ana mayarwa."

Na ce da safe ne kawai.

"Kullum?"

Na ce kullum.

Ta gyara gilashinta. Can ta yi min bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. In kwalba ta fito daga sanyi ta yi ɗumi, sai ta yi gumi a ciki, iska ta riƙa shiga tana fita ta bakin murfi. Da haka fumfuna ke samun hanya. Ta ce ɗaukewar wuta ma ta taimaka. Na san don ta rage min ne ta faɗi wannan.

Wato da hannuna.

Ta ɓare huɗun da suka rage a gabana don ta gwada ko da sauran rai. Na juya kai lokacin da ta zo kan ta huɗu. Ƙarar salatif ɗin kawai na ji.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ban iya cin komai ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Malama ta kira. Babu wadda ta motsa a cikin huɗun.

Ta ce makaranta na da iri mai kyau, za ta ba ni kyauta, ita ma farar laima ce. Na gode mata na ce a'a. Ta ce ta sani, tambaya ce dole ta yi.

Sai ta ce, "Ledojin nan na ƙarshe, kin zubar?" Na ce suna nan, sau uku suka ba da laima, yanzu sun yi tsit. Ta ce in zaɓi waɗanda ba su yi baƙi ba in jiƙa su a ruwan sanyi wuni guda, in mayar, in yi ta yayyafi. In Allah ya sa ko guda ta fito, ana iya tsaga ta a ɗebi tsokar cikinta a sa a sabuwar kwalba. Wai ba 'yar laimar za a samu ba, ita ce dai da kanta za ta ci gaba. Haka Auta ta yi da ta kututture.

Matsalar ita ce jibi Malama za ta tafi kwas na wata guda, ɗakin gwaji a rufe. Laima kuwa in ta fito kwana biyu ne ta tsufa. "Mama, kin sha ganinta tana yi." Na sha gani, daga bakin ƙofa. In Auta tana aikin iri a akwatinta na roba ba ta yarda a yi magana. Na sha cewa yarinyar nan ta raina ni, ina mata magana tana ɗaga min hannu.

Bakwai na samu masu ɗan dama. Sauran na kai bola.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na sauko da akwatin daga kan kabad. Babban akwatin roba ne mai haske, ta huda rami biyu a gefe na zura hannu. A ciki ta bar reza, kwalbar sifirit, ƙaramar fitila. Da abin ɗaure gashinta.

Na dafa abin kwalba yadda ta rubuta: ruwan dankali, sukari cokali biyu, da garin nan mai daskarar da shi, aga, wanda ta bari a gwangwani. Na zuba a kwalabe takwas, na dafa su a tukunya mai huci minti talatin. Tukunyar nan tsoronta nake ji tun da. Auta takan ce, "Mama, ba bam ba ce." Na tsaya a tsakar gida har ta gama.

Talata, 7 ga Oktoba

Leda biyu sun fid da 'yan kawuna kamar kan ashana. Na durƙusa a wurin ban san iya lokacin ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na yi. Laima huɗu, kwalba takwas. Na rufe taga, na goge akwatin da sifirit, na yanka kowace biyu da reza na ɗebi ɗan ciki na jefa. Sau biyu tsokar ta faɗi a ƙasan akwati na ɗauka. Ina yi ina gaya mata abin da nake yi, ki gani Auta, haka ne ko? Har na yi kuka a kan ramin akwatin, na share da bayan hannu na ci gaba.

Amma na yi. Na ɗora su a kan kabad, can sama, na ce ba zan taɓa ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Duka takwas. Biyar kore, uku wani yauƙi mai wari ya zagaye tsokar.

Na kira Malama, layin na yankewa. Ta sa na faɗa mata komai daga farko. Da na ce na yanka da reza ta ce, "Wayyo Mama, ba a yankawa. Reza na kwasar dattin waje ta shigar ciki. Da hannu ake tsagawa, daga sama, kamar burodi. Cikin da iska ba ta taɓa gani ba, nan ne mai tsabta." Ta ce a ƙona reza a wuta kafin kowace ɗiba, a bari ta huce. Abin da ya faɗi ya faɗi, ba a ɗauka. Kuma a rufe baki da ƙyalle, ba magana, don numfashin mutum ma datti ne a wurin abin nan.

Ashe ba raini ba ne. Shekara uku ina riƙe da wannan a raina, har na taɓa kai ƙararta wurin babanta.

Laraba, 15 ga Oktoba

Biyar daga cikin ledojin sun yi baƙi. Biyun da suka ba da laima sun yi sakayau kamar busasshen soso. Na sake jiƙa su duk da haka.

Yaya ta aiko da abinci. Ba ta ce komai a kan laima ba, na gode mata a raina.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Guda ɗaya. A gefen ledar da ke kusa da ƙofa, ta ƙasa, inda salatif ya tsage. Ƙarama ce, a karkace. Ɗayar ledar ba komai.

Na sake dafa kwalabe biyar.

Talata, 21 ga Oktoba

Zan rubuta wannan duka don kada in manta.

Da hantsi na shirya akwati, na ɗaura ƙyalle a baki, na tsinko laimar. Faɗinta bai kai tafin hannun jariri ba. Na zura hannu a ramukan, sai rawa ta kama ni, har kwalabe na ƙara. Na fitar na zauna a ƙasa.

Ashe Maigida bai fita ba, yana bakin ƙofa. Ya ce, "Wace reza kike aiki da ita?" Na nuna masa. Ya juya ta a haske ya yi tsaki. "Wannan ko gemun akuya ba za ta aske ba." Ya tafi ya dawo da jakar aikinsa, ya fid da sabuwar aska a takardarta. Ya wanke hannu har gwiwa, ya shafe da sifirit yadda yake yi a shago, ya shigo ɗakin. Bai kalli ledojin ba.

Na ce ya yi, hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Ya ce, "Shekara talatin ina aske kawunan mutane, ban san inda ake kama wannan ba. Ke kika gani. Ni wuta zan riƙe."

Na ɗaura masa ƙyalle. Daga nan ba wanda ya sake magana. Shi ke ƙona askar har ta yi ja, ya jira, ya miƙo min ta bakin rami. Na kama laimar na tsaga da yatsu. Cikinta fari sol, da 'yan layi-layi kamar tsokar kaza. Na ɗebi kamar ƙwayar shinkafa daga inda kai ya haɗu da ƙafa. Buɗe murfi kaɗan, jefa, rufe. Da rawar ta dawo a ta uku, sai na ji ya tallafi gwiwar hannuna ta baya. Haka muka gama biyar.

Da muka fito ya kwance ƙyallen, duk ya jiƙe. Ya ce zafin fitila ne. Na ce haka ne, fitilar nan da zafi.

Abin da ya rage na laimar bai kai loma ba. Na rasa yadda zan yi da shi. Na soya da albasa, muka raba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ban taɓa ba. Daga ƙasa nake kallo, hannuna a baya.

Asabar, 25 ga Oktoba

Biyu sun yi yauƙi. Ɗaya kore. Ɗaya tana zaune yadda na jefa ta, ta yi ruwan ƙasa.

Ta biyar ta fid da gashi. Fari, siriri, ya zagaye tsokar kamar gashin kan jinjiri. Amma can gefe, jikin gilashi, akwai ɗigon kore.

Na kira Malama, ta ce kada in jira ta dawo. Koren ya fi farin gudu, kwana biyu ya cinye. In yanko daga bakin farin, ta ɓangaren da ya fi nisa da koren, ɗan mitsitsi, in kai sabuwar kwalba. Kuma kada in girgiza, don koren gari ne da shi, yana tashi.

Maigida na shago, ranar Asabar ba ya samun sararin ko shan ruwa. Na dafa kwalabe, na jira suka huce, na yi ni kaɗai kafin la'asar. Uku na cira.

Laraba, 29 ga Oktoba

Fari. Duka ukun. Na duba da safe, na duba da rana, na kira Maigida ya duba da gilashinsa don idona na iya yi min ƙarya. Ya daɗe yana leƙe, ya ce, "Taurin kai dai ba a fasa ba."

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ita. Ban san don me sai yau ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Malama ta dawo, ta zo har gida. Ta ɗaga kwalaben a taga, zaren ya kusa cika gindi, yana tafiya kamar haƙoran mataji. Ta ce, "Wa ya cira miki?" Na ce ni. Ta cire gilashi ta sake kallona.

Ta ce kada in sake ajiye duka wuri ɗaya. Ɗaya ta tafi firjin makaranta, ɗaya nawa, ɗaya a sa a hatsi. Na ce to, amma da ta sa hannu za ta ɗauka sai na ji kamar in ƙwace. Na raka ta har bakin titi ina kallon jakarta. Ta ce, "Mama, duk ranar da kika so ki zo ki gan ta. Amma daga nesa." Muka yi dariya. Na ji kunyar dariyar daga baya.

Tsofaffin kwalaben goma ta dawo min da su, ta dafa su don koren ya mutu. Ina buƙatar kwalabe. Na jiƙa su a baho, takardun suka saki da kansu suna yawo a ruwa, tawada ta narke. Na tsaya. Sai na ɗauki soso.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Hatsi ya kama, kwalba shida fari fat. Ƙamshin nan ya dawo ɗakin, kamar ƙasa bayan ruwan sama. Maigida ya gyara min igiyoyin rataya, wai waɗanda ke nan ɗaurin mata ne.

Jiya a kasuwa na ga wata daga baya, tafiyar Auta sak. Na bi ta har layin masu tumatir.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na sabunta uwar iri, kwalba huɗu. Sukari cokali ɗaya na sa, ba biyu ba. Tun ranar ciran nan na Asabar nake haka, ban gaya wa Malama ba. Na lura kore na son zaƙi kamar tururuwa, farin kuwa ko babu yawa yana tafiya. Na ga kamar ya fi. Ban gyara a littafinta ba, a nan kawai na rubuta. Yau ma ban buɗe littafin nata ba, sai da tukunya ta fara huci na tuna, ina tsaye a gefenta ina yankan albasa.

Auta, kada ki ji haushi. Cokali ɗaya ne kawai.

Mai gidan abinci na kan kwana ya aiko yana tambaya ko an daina ne. Na ce a ce masa ya ba ni wata guda.

Gobe za a kawo garin katako. Buhu uku na yi niyya, da mutumin ya tambaya na ce shida.